Babi na Shida: Cika Tanki a Abbare

Duk wanda ya leƙa cikin motar-gida a karon farko, gado ne ke ɗaukar masa ido, sai murhun gas, sai ɗan makewayin da aka matse a lungu. Da wuya ka ji ya tambayi tankin ruwa. Alhali shi tankin, wanda ke ɓoye ƙarƙashin kujera ko a tsakanin ƙafafun baya, shi ke yanke wa matafiyi yawan kwanakin da zai yi a daji kafin dole ta koro shi gari. Mai yana ƙarewa ne idan ana tafiya. Ruwa kuwa ko an tsaya yana ƙarewa, har ma ya fi saurin ƙarewa a tsayen, tunda a nan ake girki da wanka da wanki.

Galibin irin waɗannan motoci tankinsu na cin lita 80 zuwa 150. Mu ɗauki lita 100 don sauƙin lissafi: jarka huɗu ke nan mai lita 25, ko rabin duro. Ƙungiyoyin agaji na duniya suna ƙiyasta wa mutum guda lita 15 a rana a sansanin gudun hijira, don sha da girki da tsabtar jiki, kuma wannan ma'auni ne na ƙunci. Miji da mata da suka tsaya a kansa ba za su kai kwana huɗu ba tanki ya fara ƙara. Musulmi ya ƙara da butar alwala sau biyar. In kuwa watan Maris ne ko Afrilu, lokacin da zafin kwarin Binuwai ke kaiwa digiri 40, ruwan sha kaɗai zai ci lita huɗu ko biyar ga kowane mutum.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Taraba da motar-gida, abin Turawa. Tambayar da hujja, amma hanya ta riga ta ba da amsa. Masu ratsa Afirka da mota daga Turai zuwa Afirka ta Kudu sun saba shiga Kamaru ta Ikom da Mamfe. Tun da rikici ya ɓarke a yankin Kamaru mai magana da Ingilishi a ƙarshen 2016, da yawansu suka karkato arewa, suna bi ta Bali da Serti su hau tsaunin Mambila, su tsallaka ta wajen Mayo Ndaga zuwa Banyo. Wanda ya gangaro daga Bauci da Gombe da Numan kuwa sai ya ratsa Jalingo. 'Yan ƙasa ma sun fara shiga sahu: a 2024 Pelumi Nubi ta tuƙo 'yar ƙaramar Peugeot 107 daga Landan har Legas, tana kwana a cikinta. Kuma tun kafin kowa ya ji sunan motar-gida, direbobin tirelar da ke ɗaukar shanu da masara da doya daga Taraba suna rayuwa a mota mako guda cur, jarkokinsu a ɗaure a gefen shasi, yaron mota na dafa shayi a inuwar taya. Matsalarsu guda ce da ta Baturen.

A Faransa, inda aka fi ko'ina tanadar wa irin waɗannan motoci wurin tsayawa, garuruwa da dama suna da wani ɗan gini a gefen filin ajiye motoci. Ka jefa kwabo ko ka sa katin banki, famfo ya ba ka lita 100, ka zubar da ruwan wanke-wanke a kwatar da aka yi dominsa, ka yi gaba ba ka gaisa da kowa ba. A Abbare, a yankin Jalingo, babu wannan ginin. Kowane ruwa da ka gani yana da mai shi ko masu shi, kuma akwai wanda ya sha wahala kafin ya hau sama. Rijiyar burtsatsen da ke bayan shago, mai shagon ya sayi man janareta ya tura ruwan cikin baƙin tankin da ke kan ƙarfe. Na masallaci, jama'a suka yi karo-karo. Famfon tuƙa-tuƙa na unguwa kuma akwai layin bokitai da ke jiransa tun asuba.

Wannan ne wurin da baƙi ke yawan yin kuskure, kuma kuskuren ya samo asali ne daga alherin mutane. A ƙasar nan ba a hana baƙo ruwa. Ka tsaya ƙofar kowane gida, Bafulatani ne ko Mumuye ko Kona ko Bahaushe, ka ce ƙishi kake ji, za a fito maka da kofi kafin a tambayi sunanka. Sai matafiyi ya ɗauka wannan karamci ya haɗa da tankinsa. Kofin ruwa daban, lita 100 daban. Lita 100 ruwan yini ne na gida mai mutum shida ko bakwai a lokacin rani, kuma mai yiwuwa yarinya ce ta ɗebo shi a ka, sawu-sawu. Mai gida ba zai ce a'a ba, kunya ba za ta bar shi ba. Zai ce "Ba komai, ɗebi," kana tafiya kuma a sake aika yarinyar. A ganina wanda ya iya sayen mota mai gado a ciki bai kamata ya sa talaka cikin wannan hali ba.

Hanya mafi tsabta ita ce ta 'yan garuwa. Su sana'arsu ke nan, kuma da su ciniki a fili yake. Za ka gan su tun da sassafe suna tura kura mai jarka goma ko goma sha biyu, ƙafa cikin silifas, tsumma a wuya. Ka yi sallama, ka tambayi kuɗin kura, sannan ka yi tambayar da ta fi kuɗin muhimmanci:

"Malam, daga ina aka ɗebo?"

"Na bohol ne, Alhaji."

"Wane bohol ɗin? Mu je in gani."

In ya yi gaba ka bi shi, ka ga wurin da idonka: ko akwai kwata kusa, ko masai na nesa da rijiyar, ko bakin famfon na kwance cikin taɓo. Sau da yawa za ka tarar mai bohol ɗin zai yarda ka matso da motar ka cika kai tsaye, ka biya shi gwargwadon jarka. In haka ta samu, kada ka sallami ɗan garuwan hannu rabbana, shi ya nuna maka hanya. In kuma ya yi ta kwana-kwana ya ƙi nuna wurin, ka sayi ruwansa don wanke mota in kana so, amma kada ya shiga tanki.

Ka duba jarkokin su ma. Rawayar jarkar da ta cika ƙasar nan ta man girki ce asalinta, kuma in an wanke ta sosai ba ta da laifi. Wadda ake tsoro ita ce wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ko maganin feshi, domin roba na shan warin, kuma yankin nan na manoma ne, maganin kashe ciyawa na ko'ina. Buɗe murfi ka shinshina. Leƙa ciki ka ga ko gansakuka ta yi kore a gindi. Kalli abin da aka toshe bakin da shi, don wani lokaci murfin ya ɓata an cusa leda.

A masallaci da coci da makaranta ƙa'idar ba ta da wuya. Kada ka ja tiyo sai ka nemi mai kula da wurin, ladan ne ko wani dattijo da ke zaune a inuwa. Ka gaishe shi yadda ya kamata, "Baba, barka da hutawa," ka faɗi daga inda kake da inda ka nufa, ka faɗi yawan ruwan da kake so da jarka, domin jarka ce ma'aunin da kowa ya sani. Kada ka zo dab da Azahar ranar Juma'a ka zuƙe tankin alwala. In ya ƙi karɓar kuɗi, ka ce na man janareta ne, ko ka sa a asusun masallaci. A famfon unguwa kuma ka bi layi, ko ka dawo da tsakar rana lokacin da mata suka watse.

Sai batun ruwan kansa. Idon mutum na gane laka, amma ba ya gane kwalara. Ruwan da ya fi kowanne haske na iya ɗauke da ƙwayar taifot ko ta amai da gudawa, musamman da damina, in ambaliya ta haɗa masai da rijiya. Jalingo ta san ambaliya: kogin Lamurde da Mayo Gwoi suna cika su shiga unguwanni, kuma ruwan rijiyar da ba ta da zurfi yakan gurɓace bayan haka. Burtsatse mai zurfi ya fi aminci, amma daga bakin famfo zuwa bakinka ruwan ya bi ta jarka da mazurari da hannun mutum uku.

Saboda haka duk ruwan da zai shiga tanki a ɗauke shi a matsayin wanda ke buƙatar magani. Aikin hawa biyu ne, kuma jerin na da muhimmanci. Da farko a raba shi da laka, domin sinadarin kulorin na ƙarewa ne a kan datti kafin ya kai ga ƙwayar cuta. In ruwan ya yi gurɓi-gurɓi, a bar shi a jarka ya kwanta, ko a jefa ɗan alam, ko garin 'ya'yan zogale da aka daka, a jira, a tsiyaye na sama ta cikin farin ƙyalle mai tsabta. Wanda ke da matata mai kama ƙasa, irin mai maikuron 5, ya ɗaura ta a bakin tiyo. Bayan nan sai kulorin: ko ƙwayar Aquatabs, ko ruwan WaterGuard da ake samu a kemis, a bi ma'aunin da ke rubuce a jiki, a jira minti 30. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so ya rage a cikin ruwan shi ne miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita. Ba kowa ke yawo da abin awo ba, amma hanci na taimakawa: in bayan rabin awa ka ji ɗan warin kulorin kaɗan, ya kama. In babu ko alama, datti ya cinye shi, a ƙara.

Akwai wani kuskure da masu kayan zamani ke yi wanda direban tirela ba zai taɓa yi ba, don shi ba shi da kayan. Matatar gawayi tana cire wari da ɗanɗanon kulorin, shi ya sa ake sonta. To in ka ɗaura ta a mashigar tanki, ka cire wa ruwan mai gadinsa ke nan, ka ajiye shi tsirara cikin roba mai ɗumi. Wurinta shi ne can ƙarshe, dab da famfon da ake sha. Kuma kulorin ba ya kashe komai. Akwai ƙwayoyin da ke fitowa daga kashin dabbobi waɗanda ke jure masa. Maganinsu matatar tangaran mai ƙananan ƙofofi, ko tafasawa. Ruwa ya tafasa sosai minti ɗaya, ya wadatar.

Matafiya da yawa sun sauƙaƙa wa kansu: tanki na wanka da wanke-wanke da alwala, ruwan sha kuma fiya wata. Dabara ce mai kyau, ga lissafinta. Leda ɗaya rabin lita ce, jaka mai leda 20 lita 10 ke nan, mutum biyu za su shanye ta a yinin zafi. A duba lambar NAFDAC, a guji jakar da ta yini a rana a bakin titi. Abin da ke ɓata mini rai da wannan dabara shi ne ledojin. Wanda ya taho daga wata ƙasa don ya ga kyan daji, bai dace ya bar fararen ledoji a duk inda ya kwana ba. A tara su a buhu har a iso gari.

Tsofaffi a nan za su gaya maka abin da ruwan tafki ya taɓa yi wa mutane. Kurkunu ya kwantar da ƙauyuka sukutum a lokacin noma. Ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 ta samu sama da mutum 650,000 da ke ɗauke da shi a Nijeriya. Da tace ruwa da ƙyalle da haƙa rijiyoyi, da yawon da Janar Yakubu Gowon da Jimmy Carter suka yi suna matsa wa hukumomi, aka kai ga cewa a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi. Tsargiya kuwa tana nan daram, kuma ita ba sai ka sha ba, ta fata take shiga in ka tsoma ƙafa a ruwan da dodon koɗi ke zaune. Labari mai daɗi ga mai tanki shi ne tsutsar ba ta daɗewa a waje: ruwan da ya kwana biyu a ajiye ya kuɓuta daga gare ta. Wanda dole ta sa ya ɗebi ruwan rafi, ya tsaya a kan dutse ya jefa guga ko ɗan famfo mai batir, kada ya shiga.

Zuba ruwan ma aiki ne. Mashigar tanki a motocin Turai an yi ta ne don tiyo mai ƙarfi, mu kuwa jarka muke da ita. Ɗaga kilo 25 zuwa ƙirji kana saita mazurari, sau huɗu, a rana tsaka, zai sa ka gane dalilin da ya sa ɗan garuwa ke da irin wannan damtse. Ɗan famfon da ake tsomawa cikin jarka, mai aiki da batirin mota, ya fi kayan ado da yawa da ake cika mota da su amfani. Tiyon ruwan sha a ware shi, a toshe bakinsa biyu bayan an gama, kada ya ja ƙasa, kada a ara wa kowa ya zuƙi mai da shi. A rubuta RUWA da manyan baƙaƙe a kan murfin mashigar, a sa masa makulli, domin a wasu motocin yana kama da na mai, kuma yaron gidan mai da ke sauri ba zai tsaya tambaya ba. Dizal in ya shiga tankin roba, sai dai a sake tanki.

Ga wani ƙaramin abu da littattafan Turawa ba su cika ambata ba. Kowane tanki na da siririn bututun shaƙar iska, wanda ke barin iska ta fita in ruwa na shiga. Zanzaro na son irin wannan rami. Mota ta yi mako a tsaye, sai ya cika shi da laka ya yi ɗaki. Ka zo cikawa, ruwa ya riƙa dawowa yana tofar maka a fuska alhali tanki bai kai rabi ba. Ko famfo ya yi ta gurnani ruwa na fita da kyar. Kafin ka kwance famfo, ka zura tsinke a bututun. Ɗan yankin gidan sauro da aka ɗaure a bakinsa ya isa ya hana, yana kuma rage ƙurar hunturu.

Nawa za a ɗauka? Sabon shiga yakan ce a cika maƙil kullum. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka cikakken tanki da jarka biyu na ko-ta-kwana sun kai nauyin buhun siminti uku. Daga Jalingo zuwa Bali da Serti da rani, nauyin ya cancanci ɗauka, domin rafuka da dama sun zama yashi, kuma ba ka san halin famfon garin gaba ba. Amma daga Mayo Selbe hanya ke fara nannaɗe dutse tana hawa zuwa Mambila, inda ƙasa ta kai mita 1,500 ko fiye, kuma kowane kilo injin ne zai ja shi, birki ne zai riƙe shi a dawowa. A can sama ruwa ba ya wuya, a Nguroje da Gembu za ka samu. Hikima ita ce a hau da abin da zai kai ka, da jarka guda a ware saboda lagireto. Sai dai a tuna tankin da ke rabi yana tangaɗi, ruwan na bugun gefe a kowace kwana, musamman in ba a yi masa shinge a ciki ba. A tafi a hankali. Ruwan Mambila kuma, duk sanyinsa da haskensa, ƙasar shanu ya ratso; a yi masa magani kamar kowanne.

Da damina lissafin ya juye. Ruwa ko'ina, amma hanya ba tabbas. A Agustan 2024 ambaliya ta cinye gadar Namnai a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, motoci suka yi cirko-cirko a gaɓa biyu. Wanda irin wannan ta rutsa da shi zai gode wa jarkar da ya ɓoye. Rumfar mota kuma tana tara ruwan sama mai yawa in aka karkata gefe guda aka sa bokiti. A bar na farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu ya zube.

Ruwan da ya shiga dole ya fita. A gandun dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a ƙasar, ko a bakin kowane rafi, ruwan sabulu da maiƙon tukunya ba a sakinsa cikin kogi, don ƙasa da kai akwai mai sha. A yi nisa da gaɓa, a haƙa ɗan rami, a rufe. Na makewayi kuwa masai ne wurinsa, da izinin mai masan. A cikin gari kada a buɗe shi a ƙofar gidan mutane a tafi.

Shi ma tankin yana son wanka. A zafin ƙasar nan, ruwan da ya yi mako bai motsa ba yana sa bangon ciki ya yi santsi, kuma cikin wannan santsin ƙwayoyin cuta ke fakewa. Kafin doguwar tafiya da bayanta, a zuba bilicin wanki marar turare, kimanin mililita ɗaya ga kowace lita, a cika tanki, a buɗe kowane famfo har warin ya fito, a rufe, a bar shi awa huɗu ko ya kwana. Sannan a zubar, a ɗauraye sau biyu ko uku. Wannan ɗauraya na cin ruwa mai yawa, don haka a yi ta a Jalingo ko wani babban gari inda burtsatse ke da ƙarfi, ba a ƙauyen da ake layi a famfo ɗaya ba. In motar za ta daɗe a ajiye, a tsiyaye tankin ƙarƙaf, a bar murfin dubawa a buɗe da ƙyalle a kai har cikin ya bushe.